Aikin Tumatir

Maƙwabcina ya sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, siririya kamar faifai. Ya haɗa da iPad, har da alƙalaminsa. Wai bana zai kammala littafin da ya fara tun 2019.

Makon farko ya tafi wajen zaɓen hoton da zai ɗora a fuskar na'urar. Ba ƙaramin aiki ba ne, hotunan da yawa. Sai ya sauke manhajar tsara ayyuka har huɗu, ya ƙara ta biyar don ta riƙa tuna masa ya buɗe sauran.

Yanzu tsarin Pomodoro yake bi, na wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, wanda ya samo sunan daga agogon kicin mai siffar tumatir. Aiki minti 25, hutu minti 5. Gaskiya mutumin ya ƙware a kashi na biyu.

Jiya na leƙa. Na tarar da iPad jingine da kwanon sha, uwargida na kallon fim ɗin Kannywood. Shi kuwa gogan naka yana rubuta ayyukan gobe a bayan takardar kuɗin wuta, da biron ɗansa.