Zuwa ga Sarkin Ruwan Kubanni, mai su da gashin zakara

Ɗan gwaggo, labarinka ya riga ka isowa Burumburum. Tun kana Kwanar Dangora aka bugo mana waya, wai ga wani Bazazzagi nan tafe da doguwar sanda a cikin kube, da malafa, da 'yar shara mai aljihu birjik, da wandon roba har ƙirji, a wannan zafi na ƙarshen bazara. Wasu suka ce mai awon fili ne, wasu suka ce mai feshin gona ne. Ni dai na ja bakina na tsuke, don kada a tuna cewa mahaifiyarka a gidanmu aka haife ta.

Ashe su ka zo yi a madatsar Tiga. Ba irin namu ba, irin na Turawa, wanda ka ƙwallafa rai a kansa tun da ka fara ganin sa a waya. Mutum ya tsaya cikin ruwa iya gwiwa yana kaɗa zare a saman kansa, a bakin zaren ga ƙugiya an naɗe ta da gashin wuyan zakara da zaren ɗinki don ta yi siffar ƙwaro. Babu tana, babu gara, babu ko ɗan dusa. Ban raina dabarar ba, kada ka ce na raina. Tunda ƙugiyar ba ta da nauyin da za a jefa ta, zaren aka yi mai kauri, shi ne ke jan ta zuwa nesa, shi ya sa ake ta wurga shi gaba da baya kafin a sake shi ya kwanta a kan ruwa. A hannun gwani abin kallo ne. A hannunka kuwa, shaidu sun ce kamun farko malafarka ce, na biyu kunnen yaron da ka ɗauka ya riƙe maka jaka.

To, Malam Bature, zauna in karanta maka abin da wayar ba ta gaya maka ba. Kifin nan da kake kira tirawut ɗan sanyi ne. Da ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita ke nan. Gidansa ƙoramun Turai da Arewacin Amurka masu gangarowa daga duwatsun ƙanƙara, kuma a can watan Mayu shi ne lokacin da sanyi ya saki, ƙwari suka ƙyanƙyashe suna yawo a kan ruwa, kifi na tasowa yana cafka. Inda ka gan shi a tsaunukan Kenya, kai shi aka yi: wani Bature Ewart Grogan ne ya sa aka kawo shi a 1905 aka zuba a kogin Gura. A Lesoto ana kiwon sa a madatsar Katse, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 2,000. Tigarmu ba ta wuce mita 500 da 'yan kai ba, kuma watan Mayunmu shi ne wanda zafi ke taɓa digiri 40. Ka kawo tirawut nan, kafin la'asar sai dai a nemo yaji da lemon tsami.

An ce ka rubuta a Facebook cewa kana “tafkin kan dutse”. Haba Sarkin Ruwa! Don ka ga 'yan duwatsun wajen otal ɗin Rock Castle? Duwatsun da suka amsa sunansu suna can Riruwai a Doguwa, su ma da kuza aka san su. Amma na yi maka uzuri. Wanda ya tashi yana ganin Kufena ce ƙarshen tsayi, Kubanni ce ƙarshen ruwa, in ya ga Tiga dole kansa ya juya.

Kuma ba don shaƙatawar 'yan boko Audu Bako ya tare kogin Kano ba. Tsakanin 1971 da 1974 aka yi aikin, ganuwar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, domin noman rani. Duk tsawon rani sakin ruwan ake yi yana gangarawa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ya zama shinkafa da alkama da tumatirin da kuke saye kuna kukan tsada. Saboda haka zuwa ƙarshen bazara ruwa ya ja da baya, ya bar taɓo a gaɓa. Cikin wannan taɓon ka kutsa da wandonka na roba, ka kafe kamar turken akuya, sai da masunta biyu suka bar komarsu suka zo suka tumɓuke ka. Sun ce ko a lokacin Turanci kake yi.

Su kifayen namu ma ka tambaye su ra'ayinsu? Tarwaɗa da gashin baki take lalubo abincinta a ƙasan ruwa, ƙamshi take bi, ba ado ba. Ragon ruwa sai dare ya yi yake fita kiwo. Karfasa yawancin harkarta gansakuka ce da ɗan abin da ya samu. Ƙurungu kuwa da ma ka kama shi, da ƙayarsa ta koya maka hankali a tafin hannu. Wa zai bar tana mai motsi ya bi gashin tsuntsun da aka riga aka cinye namansa?

Kai, bari dai in sassauta, kada gwaggo ta ce na cinye mata ɗa. Akwai ƙanshin gaskiya a abin naka. Kawara na tasowa ta cafki ƙwaro a saman ruwa. Kuma in ruwan farko ya sauka, shinge ya fito da yamma ya faɗa tafki, je ka ga yadda saman ruwa ke ɓulɓula. Ilimin da Turawanka suka rubuta littattafai a kai ke nan: a ba kifi abin da yake ci a ranar da yake cin sa. Yaran bakin ruwa sun san haka ba tare da an yi musu lacca ba. Su sai su soka ƙwaron na gaske a fatsa, da karan da suka karyo a hanya. Kai sai da ka aika kuɗi ƙasar waje aka aiko maka da na jabu.

Abin da ya kashe ni da dariya shi ne wa'azin da aka ce ka yi wa masunta, wai ka'idar wannan su ita ce in an kama a saki. Kai! Kai da ba a taɓa ganin naira biyar ta shiga hannunka ta fita da ranta ba, kai ne za ka saki kifi? Wani dattijo a cikinsu, an ce, ya dube ka ya tambayi na kusa da shi ko akwai wanda ya rako ka daga gida. A can inda aka ƙirƙiro ka'idar, ƙoramun ƙanana ne, masu fatsar da yawa, kuma ba da kifin suke cefane ba. Nan kuwa mutumin da ya kwana yana duba kalli, da abin da ya samu zai sayi masara. Da ka ce musu su daina jan 'ya'yan kifi da gidan sauro, da na tsaya a bayanka, don wannan ɓarna ce kowa ya sani, su ma manyansu suna faɗa. Amma sakin kifi, ɗan gwaggo, sai an kama ake saki, kai kuma ba ka kai wannan aji ba.

Sai ga hoto da daddare: kai ne riƙe da ƙaton ragon ruwa, haƙora duk a waje. Ma sha Allah. Sai dai ka manta ka juya shi ta ɗaya gefen, shatar zaren kalli na nan raɗau a wuyansa. Mai kifin ma ya aiko a tuna maka cikon kuɗinsa. Na ji kuma da ka koma Zariya ka ce “matana ya soya shi”. Allah ya shirye ku, ku da Hausarku.

Ka dawo in damina ta kankama. Mu fara zuwa mu gaida Sarkin Ruwa na gaskiya, don ba a faɗa wa ruwan mutane babu sallama, sannan in haɗa ka da yaron da zai koya maka haƙar tana. Ka taho da kuɗin sharar bara da muke ta ja-in-ja a kai. Kwalekwale kuma ni zan biya, don na san in aka bar maka, a kan gora za ka sa mu haye.