Yadda Na Tsofar da Jita a Fagge

Akwai kamfani a Amurka da ke biyan mutane albashi don su ɓata kaya. Sunansa Fender, jita yake ƙerawa, kuma tun 1995 ya buɗe wannan babi. Sai an gama ƙera jita sabuwa fil, fenti na ɗaukar ido, sannan a miƙa ta ga wani ƙwararre ya kankare mata gefe, ya ƙwanƙwasa mata makullai, ya sa ƙarafunanta su yi tsatsa, har ta koma kamar wadda ta sha yawon gidajen rawa shekara hamsin. Daga nan a sayar da ita da tsada fiye da 'yar'uwarta mai lafiya. Kamfanin Gibson ma ya ware wa wannan aiki sashe guda a 2021, a hannun wani Tom Murphy, kuma tsufan hawa-hawa ne, daga ɗan ƙwarzane har zuwa raga-raga. Wadda ta fi shan wuya ita ta fi kuɗi.

Ni ban ji wannan labari ba sai da Sabon Gari ta gama koya mini kishiyarsa.

Abin ya samo asali ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Ɗan janaretana ya yi ritaya a ƙarƙashin matakala, kaji suna kwana a kansa. Sai ga watan Oktoba na 2024: an lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Binuwai shi ma ya faɗi, Arewa ta fi mako a cikin duhu. A Fagge, mai cajin waya ya zama babban mutum, ana gaishe shi da hannu biyu.

A wannan duhun na zama mai wa'azin hasken rana. Kowane dare a majalisarmu ta bayan Wapa, inda 'yan canji ke shan shayi bayan sun tashi, ni ne da bayani. Jami'ar Bayero tana da tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019. Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a Challawa a watan Janairun 2023. Ita kanta kasuwar Sabon Gari, bayan gobarar 2016 da ta cinye dubban shaguna, an shimfiɗa mata farantan sola a kan rufi. Ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana Chevrolet Volt, kuma a zamaninsa na shugaban hukumar ƙera motoci aka kafa wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri ga Mustapha Gajibo yana cire wa bas inji yana sa mata batir. Duk na haddace. Har aka laƙaba mini Malam Sola, na kuma karɓa da fara'a. Abu ɗaya ne kawai babu a cikin ilimin nan nawa, wato kuɗi.

Da motar lantarki na fara buri, irin Hyundai Kona da aka soma harhaɗawa a Legas a 2020. Da na ji farashi sai na ce ai mota ma ba ta shiga lungunmu. Na sauko kan Adaidaita Sahu mai caji. Da na ji nata farashin sai na tuna ba ni da wurin ajiye ta. A ƙarshe na tsaya a kan ɗan mashin mai caji, irin wanda 'yan makaranta ke sulalawa da shi ba ƙara, da faranti biyu, da inbata, da batir biyu na gida. Kuɗin kuwa na adashin uwargida ne, wanda ta ɗauka da niyyar sake kujeru.

"Malam," in ji ta, "kujerun dai ana zama a kansu ko da wuta ko babu."

Na ce mata idan rana ta fara yi mana aiki, abin da za mu tara na kuɗin mai zai sayi kujeru har da labule.

A wani lungu da ke gefen titin Faransa na sami shagon. Mai shi ya tare ni da "Alhaji, shigo daga ciki," ni da ban taɓa zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ba sai rakiya. Hausarsa ta fi ta 'ya'yana. Ya jawo batir biyu cikin kwali, an naɗe su da leda, baƙaƙe wuluk suna sheƙi, kuɗinsu rabin abin da na jiyo a wasu shaguna. Ya ce don ya ga ni mutumin kirki ne. Na taya, ya ce albarka, na ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya sallama da sauri. Da muke ɗora su a kan kura, fenti ya shafu a gaban farar shaddata. Na duba tabon, na shinshina, na ce wa mai kurar, "Ka ji ƙamshin sabunta ko? Ko bushewa bai yi ba." Mai kura ya dube ni, bai ce komai ba. Kayan da aka ce sun taso daga Cana, suka yi makonni a teku, suka kwana a tashar Apapa, suka biyo tirela har Kano, su ne fentinsu bai bushe ba, kuma mai digiri ne ya yarda.

Mashin ɗin a wani shagon na saye shi, kuma shi ba sabo ba ne. Na ƙi sabo da gangan, don kowa ya sani a garin nan ɗan Beljiyam ya fi sabon ɗan Cana ƙarko. Wannan yana da ƙwarzane a gefe, sirdinsa ya ɗan koɗe, ga wata takarda da rubutun Jamusanci manne a bayansa. Na ce wannan wata tsohuwa ce ta riƙa zuwa cefane da shi a Turai.

Rannan da azahar, ina tsakiyar hawa gadar sama ta titin Murtala Muhammad, sai allurar caji ta sauko daga cike zuwa babu, ba ta ko yada zango a tsakiya ba. Shi mashin mai fetur idan zai mutu yana tari, yana shure-shure, ka samu ka gangara gefe. Wannan shiru ya yi kawai. Na sauka na kama turi, babbar riga na kama iska, 'yan Adaidaita suna kewaye ni suna danna oda. Wani yaro ya leƙo ya ce, "Baba, an ɗauke wuta ne?" Fasinjojinsa har da tafawa. Na turo shi tun daga Bata har ƙofar gida, kuma duk wanda na taɓa yi wa wa'azi a majalisa, a ranar Allah ya fito da shi bakin titi.

A gida ma haka. Fanka takan yi juyi har ƙarfe sha ɗaya, sai inbata ta fara ƙyaf-ƙyaf, sai tsit. Uwargida ta ɗauko maficinta ta ce, "Malam, ko ita ma ranar an yanke mata wuta ne?"

Wani yaro mai haɗa sola na kira. Ya ciro makullin mashin ɗinsa ya ɗan kankare jikin batir, sai ga wani launi a ƙarƙashi, da wani suna, da shekarar da ba zan faɗa ba don kunya. Ya ce irin waɗanda suka gama aiki a turakun kamfanonin waya ne, a sayo su gwanjo, a wanke, a fesa fenti, a buga kwali. Ya ƙara da cewa batirin dalma ko sabo ne ba ya shiri da zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana iya raba kwanansa biyu, ni kuwa na ajiye nawa a ɗakin da kwano ke gasawa. Da ya juya kan mashin, dariya ta hana shi magana. Sabo ne, in ji shi, mafi arahar ƙira, aka goge shi da samfefa aka manna masa takarda don ya wuce a ɗan Beljiyam. Wato a yini ɗaya an sayar mini da tsoho a matsayin sabo, an kuma sayar mini da sabo a matsayin tsoho.

Mai shagon batir bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya nuna mini ƙasan rasit, ya ce, "Alhaji, ranar Kano ce ta yi masa yawa," ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

A cikin wannan hali ne ɗan yayata ya nuna mini bidiyon masu tsofar da jita a wayarsa. "Kawu, ka ga waɗanda suka fi ka," in ji shi. Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ga hanyar mayar da kuɗin adashi. Idan tsufa na kawo kuɗi, ai mu ne da kayan aiki: ga rana, ga ƙura, ga hayaƙi. Har na tuna dillalan kayan tarihi, da yawansu Hausawa, da ke Abijan, waɗanda aka daɗe ana ba da labarin yadda ake turara sabon sassaƙe da hayaƙi a shafa masa goro kafin Bature ya zo. Labarin da zan haɗa jitar da shi ma a shirye yake. Fagge tsohon zangon ayarin Azbinawa ne, ga Bombino da Mdou Moctar sun sa duniya ta san jitar Buzayen Nijar. Zan ce wani tsohon Buzu ne ya taho da ita daga Agadas ya bar ta jingina.

Na koma Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan kiɗan coci, na sayi jitar katako mafi araha.

Matakin farko a bidiyon shi ne sanyi. Ana sa jita a firiza a fito da ita cikin ɗumi, fenti ya tsattsage siriri-siriri. Firizarmu da batirina take aiki, don haka tuni uwargida ta mayar da ita ma'ajiyar tukwane. Na ce to, abin da sanyi zai yi zafi ma zai yi. Na hau da ita kan rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da Kano ke taɓa digiri 40, na kwantar da ita kusa da farantan sola. Da yamma na sauko da ita na bi ta da makullai da samfefa, na shafa mata baƙin shayi, na tauna goro na goga. Na rataye ta a saman murhu ranar da ake suyar kifi. Tsatsar ƙarafuna kuwa da ruwan batir na yi ta, kuma wannan ne aiki ɗaya tak da batiran nan suka yi mini ba tare da gardama ba.

Abin da bidiyon bai tsaya bayani ba shi ne, fentin jita masu tsada na gargajiya ne, siriri, mai tsagewa da kansa idan ya daɗe. Na masu araha kuwa roba ce mai kauri, ba ta san tsufa ba, sai dai ta ɓare. Ga shi da gam aka haɗa katakon. Rana ta narkar da gam, matokarin tsirkiya ya ɗago, wuyan jitar ya lanƙwashe kamar gammon da aka yi wa nauyi, ta kuma ɗauki ƙaurin kifi har kyanwar maƙwabta ta fara kawo ziyara.

Duk da haka na naɗe ta a tsohon bargo na kai wa wani mai kaɗa jita a ɗaya daga cikin coci-cocin Sabon Gari, wanda aka ce ya san kaya. Ya karɓa da ladabi, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya runtse ido.

"Baba, wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Na ce Sahara ce, da shekaru. Na fara ba shi labarin Buzu. Yana saurare yana juya ta, sai ya haska fitilar wayarsa cikin ramin cikinta. Takardar kamfani na nan fara tas, ƙirar Cana, shekarar bara.

"Buzun nan bai daɗe da tafiya ba," in ji shi.

Shi ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Waccan jitar ta Turawa, fatarta kawai aka tsofar. Wuyanta a miƙe yake, sautinta garau, kuma mai saye ya san sabuwa ce, da takardar shaida ma ake ba shi. Ba a yaudari kowa ba, kwalliya ce ta wanda sabon abu ya gundura. Mu nan ba mu kai wurin ba. Mu ne masu barin leda a kujerar mota har ta yage da kanta, masu naɗe rimot da salatif. Tsufa kyauta muke samunsa, hunturu ɗaya da bazara ɗaya sun isa. Abin da ke wuyar samu a kasuwar nan shi ne sabon da yake sabo har ciki.

Ya haɗa ni da wani mai gyara, wanda ya saye ta a kuɗin da bai kai na tsirkiyoyinta ba. Bayan ɗan lokaci na bi ta gaban shagonsa, na gan ta a rataye: an miƙar da wuyan, an fesa mata jan fenti, an sa ta a leda. Yaron shagon ya ce, "Alhaji, sabuwa ce dal, jiya aka sauke."

Farantan sola dai lafiyarsu ƙalau, idan an share musu ƙura. Maƙwabcina da ya daure ya sayi batirin litiyam na gaske, da takardar garanti, fankarsa na kaiwa asuba, ina jin ƙararta ta katanga. Uwargida ta karɓi ragamar sayayya, ni kuma ina biyan adashi wata-wata. Mai karatu, idan za ka sayi batir a ko'ina cikin garin nan, ka tafi da mai haɗa sola, ka tafi da makulli na kankara, kuma ka sa farar riga. Wanda kuma ke son mashin mai caji, akwai ɗaya a zaurenmu, sai dai ya zo da wanda zai taya shi turi.