Filashin da Ya Zaga Ƙananan Hukumomi Uku

A watan Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, Kawuna na Anka ya samu abin yin hamdala guda: tunda babu intanet, in ji shi, bairos ba shi da ƙofar shiga kwamfutarsa. A cikinta yake ajiye sunayen manoman da suka ɗauki taki bashi a wurinsa, ko 'ya'yansa ba sa taɓa ta.

Ni aka aika daga Gummi in kai masa katin ɗaurin auren ƙanwata a filashi, tunda WhatsApp ya kwanta. Kafin in hau mota na biya wajen masu tura finafinai, yaron ya cusa filashin a kwamfutar da ta sha memorin rabin garin. A Bukkuyum na tsaya wani shagon buga takardu aka gyara sunan ango. Da la'asar ina Anka.

Kawu ya soka filashin, kowace folda ta fito da 'yar kibiya a gindinta, ya danna ɗaya. Tarkon ke nan. Irin wannan bairos yakan ɓoye ainihin fayiloli ya jera na bogi masu sunansu, kana dannawa ya kwafi kansa cikin kwamfutar, ya zauna jiran filashi na gaba. Na gaban kuwa shi ne na Kawu, wanda ya kwashe lissafin bashin a ciki gudun ɓacin rana.

"Kai yaro, mi kaz zo man da shi? Ina sunayen mutanena?"

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri. Ko Iran da duk tsaronta, ta filashi aka ce bairos ɗin Stuxnet, wanda aka gano a 2010, ya shiga masana'antar nukiliyarta ta Natanz."

Ya ce, "Iran ɗin ta ɗauki takina?"

Kafin magariba labari ya kai kasuwa. Wani dattijo ya zo jaje, yana ta "Allah shi maida alheri, Alhaji," bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Yana nan zaune kan tabarma wani ɗalibi ya iso, ya sa kwamfutar ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Komai na nan, ba abin da ya goge.

Kawu ya gyara tabarau, ya karanto sunan dattijon da buhunan da ake bin sa, sannan ya ce a kawo wa baƙo ruwa.