Wa Ya Rasu a Dutsen Dala?

A yankinmu, daga Balan har Gaya da Ajingi, tafiya sai da dalili, kuma dalilan sanannu ne: biki, suna, ta'aziyya, cin kasuwa, sai ci-rani. Wanda ya zo da wani dalili daban, lafiyarsa ake fara bincika.

Shi ya sa ranar da saurayi ya saɓa jakar goyo ya ce zai je Kano ganin Dutsen Dala, gida ke rikicewa. Goggo ta saki muciya: "Wa ya rasu?" Babu. "To wa ya haihu?" Babu. "Ɗan nan, dutse fa ka ce? Na niƙan gidan nan ya yi maka kaɗan?" Idan ya yi gangancin ƙarawa da cewa can ne Barbushe ya yi wa Tsumburbura hidima tun kafin zuwan Bagauda a 999, nan take za a tura yaro karɓo rubutu. Kawu kuma ya ja shi zaure, ya sassauta murya: "Kai kaɗai za ka? Faɗa mini gaskiya, yarinyar ce aka hana ka?"

Da zarar an ga tafiyar ba fashi, sai tsoron aljanu ya gushe, saƙo ya taso. Daddawa ga Inna a Kurna, kuka da busasshiyar kuɓewa ga amarya a Hotoro, zabuwa mai rai ga surukin maƙwabci wanda ba a san lambar gidansa ba, amma "kowa ya san shi". Jakar da aka saya don riga biyu da caja ta koma buhu. A tasha kwandasta ya ce kuɗin kujera biyu ne. Kafin a haye gadar Wudil, fasinjoji sun ji sunan kakansa, sun yanke masa hukunci: aure ne maganinsa. Ga mai neman kaɗaici ke nan, su huɗu a layi ɗaya, gwiwar wani a haƙarƙarinsa.

Shi ma gogan ba kanwar lasa ba ne. Ya hau matakalar Dala yana haki, birni ya shimfiɗu a gabansa, ga Goron Dutse can, ga ragowar ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa. Sai ya juya musu baya, ya ɗaga waya, ya turo baki. Hoto ya hau Facebook, tarihi ya ƙare. Gidan Makama kuwa ta ƙofa ya gaishe shi, don zabuwa ta fara suma.

Da ya dawo, sai ya kare kansa da magabata. Ai maƙerin nan mai suna Kano, kakan Abagayawa, daga Gaya ya tashi ya sauka a gindin Dala. Bayajidda ma, in ji labari, a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura.

Goggo ta saurara har ƙarshe, ta zazzage jakar, caja kawai ta faɗo. "Na farko tama ya je nema, ya samu. Na biyu ya auri Daurama. Kai ka je har Kano, ko burodi ba ka riƙo mana ba?"