Ƙwaya 14 ba ta cin wasa, yallaɓai

Ku matso kusa, masu gardama, yau da ku nake. Na san kun kasu gida biyu. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Isa Kaita, masu rataye laftof a baya kamar goyo, da ke ganin duk kwamfutar da ba ta shiga jaka kayan tarihi ce. Akwai kuma ƙannena na Kurfi da suka gano cewa ana sayar da tsohon firosesan saba da arha daga Sin, suka haɗa akwati, yanzu ko sallama aka yi musu sai su amsa da "ƙwaya 14".

Bari mu fara da na Kurfi, tunda su suka fi ɗaga murya. Abin da ke cikin akwatinka, ƙanena, galibi Xeon E5-2680 v4 ne, ko ɗan'uwansa. Intel ta fitar da shi a 2016, ƙwaya 14 ne da shi, kuma a lokacin kuɗinsa ya haura dala 1,700. Manyan kamfanoni sun more shi dare da rana, suka sauya sabo, suka zubar da shi kasuwar gwanjo, kai kuma ka tsinta ka ɗora a kan madabod ɗin X99. Ban ce ka yi wauta ba. Ciniki ne mai kyau. Wautar tana farawa ne daga ranar da ka ce za ka lallasa kowa a eFootball saboda yawan ƙwaya.

Ka san gayya? Idan gona ce za a nome, mutum 14 masu matsakaicin ƙarfi sun fi ƙato ɗaya, don kowa zai kama kunyarsa. Amma idan saƙo ne za a kai gidan mai gari da gudu, mutum 14 ba su rage maka tafiyar ba, mai sauri ɗaya kake nema. Wasan kwamfuta ya fi kama da kai saƙo. Don hoto ya tafi sumul, sai an zana shi sau 60 a daƙiƙa, kuma akwai lissafin da dole a gama wannan kafin a taɓa wancan: ina ƙwallo take, wa ya taɓa ta, ina za ta faɗa. Wannan jeren aiki a kan ƙwaya ɗaya ko biyu yake taruwa, sauran su yi ɗan taimako su koma zaman jira. Xeon ɗinka yana tafiya a gigahaz 2.4, in ya yunƙura ya kai 3.3. Ryzen 7 7840HS na laftof, wanda AMD ta fitar a 2023, yana kai 5.1, kuma a kowane bugu yana gama aikin da ya fi na tsohon naka, saboda shekara bakwai ke tsakaninsu.

Na ji ka. Ka ce ai GTA V yana tafiya lafiya lau a wurinka. Ƙwarai kuwa. To cire katin hoton nan, RX 580 ɗin da ka liƙa, mu gani. Xeon E5 ba shi da sashen zana hoto a cikinsa ko kaɗan, in babu kati ko allon ba zai haska ba. Yabon da kake yi wa firosesa, rabinsa haƙƙin kati ne.

'Yan Dutsin-Ma, na ga kuna dariya har da tafawa. Ku dakata, layi ya zo kanku.

Wannan laftof ɗin da ka sayo a Titin Beirut na Kano, 'yar Beljiyam, mai tambarin i7 da kake goge shi da gefen riga, ka taɓa duba lambar da ke biye da shi? Idan 7500U ce ko 6600U, ƙwaya biyu ce tak a ciki. Harafin U ɗin nan na nufin an yi shi ne don tattalin batir, wat 15 yake ci. Ya dace da rubuta furojet da kallon fim ɗin Kannywood. Ka ba shi bidiyon biki na awa biyu ya haɗa, sai fankarsa ta kama kuka, jikinsa ya yi zafin da ba ya zaunuwa a cinya. Da zarar firosesa ya doshi digiri 100, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. A watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe hanyar iska tun Janairu, wannan rage gudun ba ya jira. A nan ne fa tsohon Xeon ke ɗaga kai. Haɗa bidiyo da zanen Blender aiki ne da ake rarrabawa, duk ƙwayoyin su kama lokaci ɗaya, ga akwati mai faɗi da ƙatuwar fanka, ga ram ɗin saba mai arha da za ka tula. Mai ɗaukar bidiyon biki a Kurfi da ya zaɓi wannan hanya ya san abin da yake yi. Sai dai kada ya yi wa sabuwar laftof mai ƙwaya takwas kuri, don ko a nan tana iya wuce shi. Abin da ya fi ta da shi sauƙin kuɗi ne.

Amma alƙalin da duk kuka manta da shi ba ya zaune a Intel ko AMD, yana kan falwaya. Xeon shi kaɗai wat 120 ne, RX 580 wat 185, ka ƙara allo da sauran tarkace, ka doshi wat 400 in wasa ya yi zafi. Cajar laftof ta ofis wat 65 ce. Duk mai sola da inbata ya san bambancin waɗannan lambobi a batirinsa da dare, mai janareta kuma ya san shi a litar fetur. Sannan in aka ɗauke wuta ana minti na 89 kana gaba da ci ɗaya, mai laftof zai ƙarasa wasansa, kai kuwa sai dai ka kafa shaidu.

Saura wani ɗan labari da zai haɗa ku kuka wuri ɗaya. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake karɓa. Xeon E5 na 2016 ba ya cikin jerin, i7-7500U ma ba ya ciki. Na san akwai yaron da zai ɗora muku shi ta bayan gida a kan ɗan abin shan ruwa. Ku dai tambaye shi ko zai dawo ranar da sabuntawa ta ƙi sauka.