Banten Sarkin Bakan Mishigan

Ranka ya daɗe Sarkin Bakan Mishigan, Tumbuleƙe na Hajiya, maharbin da barewa ke jin motsinsa ta ci gaba da kiwonta. Gaisuwa daga ubangidanka na Kano. A'a, kar ka miƙe, yi zamanka. Na san tashin ma aiki ne a wurinka kwanan nan.

Saƙon muryarka ya iso, na kuma saurara har ƙarshe, Allah ya ba ni ladan haƙuri. Ka ce an cuce ka. Ka zuba dala ɗari biyu da ɗoriya ka sayi sirdin bishiya, ka hau da asuba, hantsi bai gama dubawa ba ka sauko ƙafa ta mutu, kwankwaso yana salati. Yanzu kana neman wanda zai taya ka tsine wa waɗanda suka ɗinka shi. Nemi wani, ɗan Zazzau. Ni na ga hoton da ka turo. In akwai wanda aka zalunta a kan bishiyar nan, sirdin ne.

Bari in yi wa mutanen gida bayani, su san abin da bawana ya tsallaka teku ya je yana aikatawa. A can Mishigan ba a fita farautar barewa da ganga da gora da garken karnuka. Bishiya ake hawa, a laɓe a sama kamar ƙafa ashirin, wajen mita shida ke nan, a yi tsit a jira. Barewarsu mai farar wutsiya hanci gare ta na bala'i, in iska ta kai mata warinka ka yi sallama da ita. Da can kujerar ƙarfe suke goyowa su ɗaura a jikin bishiya, wata takan kai kilo tara ko goma. Shi kuwa sirdin nan bante ne, ba wani abu ba. Bante na tufa mai ƙarfi da maɗaurai, ko kilo ɗaya da ƙyar yake kaiwa. Ka ɗaura a ƙugu ya tallabe maka mazaunai. Akwai guntuwar igiya a gaba, daga wannan gefen ƙugu zuwa wancan. Ita ake maƙalawa da ƙugiya mai makulli a jikin igiyar talala wadda ta zagaye bishiyar. Ƙafafu kuma suna kan wani ɗan farantin ƙarfe da takalma biyu suke cikawa. Fuskarka na kallon bishiya, bayanka na jingine da iskar Allah. To, a haka aka ɗauki hoton malamin jami'a guda, mai 'ya'ya har da masu shirin aure.

Abin da ya fi ba ni dariya, a garin rimaye aka haife ka. Ka wuce ta Rimin Tsiwa ba adadi, ban taɓa jin ka ɗaga kai ka ce za ka hau ba. Dutsen Kufena ma daga ƙasa kake gaishe shi. Sai da furfura ta fito, tumbi ya riga ka shiga ɗaki, sannan jarumtar ta motsa.

Amma ban ce abin shirme ba ne, kar ka je ka yi mini ƙarya wurin abokanka Turawa. A jihar da kake zaune akwai wani dattijo, John Eberhart, wanda tun farkon shekarun 1980 yake farauta a rataye haka. Shi da ɗansa Chris har littafi suka fitar a 2003 kan harbin barewar da mafarauta suka riga suka koya wa wayo. Mutumin yakan hau tun duhun asuba, a kwanakin barbara ya wuni a sama. Daga 2018, da kamfanin Tethrd ya fito da nasa marar nauyi, samarin YouTube suka ɗauki abin suka yayata, sai kowa ya zama ɗan bante. Wato dubban mutane suna rataye lafiya lau. Kai kaɗai ne aka haɗa baki aka cuta?

Mu Kanawa kuna mana gorin son kuɗi, mun ji, mun gode. Amma Bakano ba ya biyan kuɗin kaya sai ya juya shi ciki da bai. Kai da bokonka ka karanta sharhin masu saye har tsakar dare, ka zo wurin zaɓen lamba ka yi wa kanka ƙarya. Da inci ake auna ƙugu a zaɓi sirdi, kai kuma ka rubuta 34. Tumbuleƙe, ka ji tsoron Allah. Rabonka da 34 tun kana cin wake da shinkafa bashi a Samaru. Ka zaci kwamfuta za ta yi maka dariya ne in ka faɗi gaskiya? Mu ne masu yi maka dariya, kuma mun riga mun sani.

Bayan haka ka manta a wace ƙasa kake. Ranar 1 ga Oktoba ake buɗe farautar baka a Mishigan, lokacin riga ɗaya da 'yar shara sun isa. Zuwa tsakiyar Nuwamba, sa'ad da mazan barewa ke rasa hankali suna bin mata da rana tsaka, asubar can ruwa ƙanƙara yake zama. Kai kuwa na san ka da sanyi, hunturun Zariya ma da bargo biyu kake karɓarsa. Wando uku ka zuba, ka kawo ƙaton wandon dusar ƙanƙara ka ɗora, sannan ka ce bante mai lamba 34 ya zagaye wannan duka. Da kayan sanyin a jiki ake awo. In lambarka ta faɗa tsakanin biyu, babban ake ɗauka, don ƙaramin sirdi ba shi da faɗin da zai baza nauyinka, sai ya tattara shi a kan ƙashin ƙugu.

Wannan tsukewar da kake kuka da ita, ita ce kukan kusan duk sabon shiga, har da sirara, don haka share hawayenka. Ga yadda take faruwa, tunda ilimin naka bai kai nan ba. Igiyar gaba in ta yi gajarta, nauyinka na sauka sai ta jawo gefen sirdin biyu ciki, su matse ka dama da hagu. Ka ƙara mata tsawo, matsin ya ragu. Yawancin na zamani ana iya sassauta ta ko a ɗage, kuma madaukan da take ɗaure a jiki ana matsar da ƙullin sama ko ƙasa. In ka kai shi sama, bayan ƙugu ne zai ɗauki kaya. In ka sauke shi, ƙasan cinya ya karɓa. A hotonka igiyar ba ta fi taki ɗaya ba, hancinka na shinshinar ɓawon bishiya. Ka cire shi daga kwali ka saka yadda ya zo, ko? Na sani. Haka ka yi da keken motsa jikin da Hajiya ke shanya tawul a kai.

Sai talalar. Kai can sama ka ɗaure ta, iyakar inda hannunka ya kai, wai don in ka faɗi kar ka yi nisa. Shi ya sa take fizgar ka sama, banten yana haurowa yana neman haƙarƙari. Masu abin daga goshi zuwa haɓa suke farawa, wasu har ƙirji, sannan su riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan har su dace. Ƙullin da ke zamewa a jikin igiyar, wanda in an sakar masa nauyi yake cijewa, wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya fito da shi tun 1931. Amfaninsa ke nan: ka miƙe kaɗan, ka zame shi yatsa biyu ko uku, nauyi ya koma wani wuri, jini ya samu hanya. Ba a zama ɗaya tun asuba har azahar. Kai kuwa ka sandare, ko numfashi da izini kake yi, kana tsoron barewa ta gan ka. Wace barewa? Tun kana fama da matakala ta biyu kana nishi ta bar ƙaramar hukumar.

Masu sirdi iri biyu ne, kuma ya kamata ka san naka layin. Akwai masu jingina: ƙafa a miƙe kan faranti, jiki ya karkata baya, nauyi rabi a sawu rabi a bante. Akwai masu zama: su sassauta talala, su lanƙwasa ƙafa, gwiwa ta dafa bishiya. Na farko tafin ƙafarsu ke ciwo, sai sun sa takalmi mai taurin ƙasa. Na biyu gwiwa ke biya, shi ya sa suke ɗaura mata matashi. Gwanaye suna yin wannan su gaji su koma wancan. Kai, Bazazzagi, ba sai an yi istihara ba, mai zama ne. Tun muna yara ban taɓa ganin ka tsaya a inda akwai tabarma ba. To mai zama irinka, mai faɗin gindi, ya fi dacewa da sirdi mai falle biyu, wanda ake raba shi ɗaya ya riƙe bayan ƙugu ɗaya ya shiga ƙarƙashin cinya, ko kuma mai ninki da ake buɗewa ya ƙara faɗi in an kai sama. Akwai kuma wani maɗauri da ake zagayowa ta gadon baya a jingina. Sayi wannan ma. Kuɗin littattafan da kake saye ba ka karantawa ya isa.

Maɗauran cinya kuma ba don ka shaƙe kanka aka yi su ba. Aikinsu su hana banten zamewa sama in wani abu ya faru. Ka ɗaure su tamau, sannan kana mamakin ƙafa ta mutu. Belin ƙugu shi ake ɗamewa lokacin tafiya da hawa, in an zauna a ɗan sassauta. A wurinka dai akwai tambayar da masu ɗinkin ba su tanadi amsarta ba: belin nan saman tumbi zai bi ko ƙasa? Ƙasa, ranka ya daɗe. A bar tumbin ya sha iska, shi ma ya ga daji.

Yanzu ka daina dariya minti ɗaya, don wannan ba wasa nake ba. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke karya mafarautan barewa a Amurka, kuma galibi wajen hawa ko sauka ake faɗowa. Akwai wata igiya daban, irin ta ma'aikatan wuta masu hawa turke, tana zagaye da bishiya tun ƙafarka na ƙasa, ba ka kwance ta sai talala ta ɗauki nauyinka. Haka in za ka sauko. Yawancin sirdin an rubuta musu iyakar fam 300, kilo 136, kuma lissafin har da kaya da baka da jaka da filas ɗin shayin da ba ka rabuwa da shi. Hau sikeli da su duka, kar ka cire takalmi. Ka duba igiyoyinka kafin kowace fita, wadda ta fara sili-sili ka yar. In ka fita ka gaya wa Hajiya bishiyar da kake. Ba don ina ƙaunarka ba ne, kar kanka ya kumbura. Kuɗin sharata na bara da na bana suna wuyanka, kuma ba na son bin magada bashi.

Maganin duk wannan a bayan gidanka yake. Nemi bishiya, ɗaura farantin a tsawon gwiwa daga ƙasa, saka kayan sanyinka duka, ka rataye bayan la'asar. Ka ja wannan, ka sassauta wancan, abu ɗaya a lokaci ɗaya don ka gane wanne ya yi aiki. Jiki ma sai ya saba. Zaman farko kowa yana jin sa washegari. Maƙwabta za su leƙo ta taga, bar su, sun riga sun yanke hukunci a kanka tun ranar da ka yi yunƙurin babbake kan rago a farfajiya. A nan ne kuma za ka koyi harbi. Kai na-dama ne, barewar da ta ɓullo ta hagunka ita ce mai sauƙi. Wadda ta zo ta dama sai ka ɗaga bakan ka tsallake igiya, ko ka juya a kan farantin nan gaba ɗaya ba tare da ƙara ba. Ina so a ɗauki bidiyon wannan juyin a turo mini. Zan biya kuɗin data da kaina, ka san kuwa Bakano bai cika faɗin haka ba.

Ka ba Hajiya tef ɗin awo ta auna ka, ita ba za ta rage ko inci ɗaya ba, ta daɗe tana jiran wannan rana. Wancan mai lamba 34 ka ba babban ɗanka, shi ne mai ƙugun. Ranar 15 ga Nuwamba masu bindiga za su shigo daji, doka ta ce kowa ya sa ruwan lemo mai haske, kai ma har da kai. A karon farko girmanka zai yi maka rana, ba mai cewa bai gan ka ba. In Allah ya kawo tsautsayin wata barewa ta tsaya a gabanka, kar ruɗewa ta sa ka manta bisimilla kafin ka saki kibiya, kuma cinya tawa ce, hakkin ubangida. In kuwa kaka ta ƙare ba ka taɓa ko gashinta ba, mahautan halal sun cika Dearborn. Sayi akuya. Ka dai tuna ka ɓamɓare takardar farashi kafin ka ɗauki hoto.