Masu Layi a Famfon Ofis

Intanet ɗin ofishinmu famfo ɗaya ne, megabit 20 a sakan, mu kuwa mun haura talatin. Ni aka ɗora wa rabon ruwan, shi ya sa na san kowa da irin jarkarsa.

Akwai mai garuwa. Shi ba ya zuwa da bokiti, kura yake turowa. Da ya zauna sai ya kunna fim a 4K, wanda Netflix da kanta ta ce yana son megabit 15. Biyar ke nan suka rage wa sauran bayin Allah. Kuma shi ne zai fara leƙo kai: "Malam, yau sabis ɗin nan sai a hankali!"

Mai kyauta da kayan mutane kuwa, kalmar sirri ba ta kwana a bakinsa. Mai shayin bakin ƙofa yana da ita, haka ma ƙanin matarsa da ke jingina da katangarmu bayan la'asar.

Oga ɗan kofi ne a hannunsa. Kiran muryar da yake yi ba ya cin ko kashi ɗaya cikin goma na megabit guda, sai dai ba ya jure layi. Ƙa'idar ITU ta fi son jinkirin ya tsaya ƙasa da milisakan 150, da ya zarce, sai magana ta riƙa cin karo, ana ta "Halo, kana ji na?" Don haka na yi wa murya tambarin DSCP 46, rauta ta riƙa ba ta hanya kamar motar asibiti a cunkoso. Kuskurena shi ne da na yi masa bayani. Washegari ya ce a sa wa kwamfutarsa jiniyar gaba ɗaya, har da wayar direbansa. Na ce, ranka ya daɗe, in kowa ya kunna jiniya, wa zai kauce?

Hajiya akawu tana rantsuwa Excel kaɗai ta buɗe, kuma gaskiyarta ce. Windows ce ke sauke sabuntawar Talata ta biyu ga wata a ɓoye, mu sha wuya safiyar Laraba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai gyara. Rannan ya ga kebul yana reto a ƙarƙashin tebur, ya tausaya masa, ya cusa bakin a suwic ɗin da ɗaya bakin ke ciki. Saƙonni suka dinga zagaye suna ninkuwa, fitilu duk suna ƙyafta ido tare, ofis ya tsaya cik. Awa biyu ina rarrafe cikin ƙura, shi yana tsaye a kaina yana ba ni shawarar in kashe in kunna.

Makon jiya na shiga rautarmu ta MikroTik na yanka wa kowa megabit 2, murya na gaba, fim na can ƙarshen layi. Tun ranar mai garuwa bai ƙara gaishe ni ba.